Kunkurun da Ba Ya Haƙa Rami

Ramla na tsugune a bayan ɗaki tana wanke tukunya, sai ƙasa ta motsa a gindin katanga. Ta ɗauka idonta ne. Ƙasar ta sake motsawa, ta tsage, wani kai kamar dunƙulen hannu ya leƙo. Bayan kan sai ƙafafu biyu, bayan ƙafafun sai ƙoƙon baya mai faɗin babban faranti.

Ta yar da tukunyar ta yi tsakar gida da gudu.

Kwananta tara ke nan da dawowa Ƙofar Durbi. A Funtuwa ta girma wajen gwaggonta, can ta gama karatu. Ba wanda ya gaya mata maƙwabtan baya na kiwon kunkuru.

Ba a jima ba aka yi sallama a zaure. Mahaifinta, Malam Gwadabe magini, ya fita aiki tun safe. Mahaifiyarta ta tafi barka. Ta zura hijabi ta fito.

Saurayi ne dogo, siriri, da tef ɗin awo a wuya, ya jingine baro a ƙofar gida. Ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi zafi, sannan ya sunkuyar da kai.

"Sunana Umair. Gidanmu ne a bayanku, katangarmu ɗaya. Ina jin Dattijo ya shigo muku."

"Wane dattijo?"

"Kunkurun."

"Au, har suna gare shi? To ka ce masa ba ta ƙasa ake shiga gidan mutane ba. Akwai ƙofa, akwai sallama."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. Ya ce shi ba zai shiga ba tunda maigida ba ya nan, ita kuma ba za ta iya ɗaga shi ba, don ya kusa buhun siminti nauyi. Ya miƙa mata damin ganyen rama.

"Ki riƙa nuna masa. Zai biyo ki."

Daga bayan ɗaki zuwa zaure bai wuce taku ashirin ba. Sai da suka yi kusan awa guda. Ramla na ja da baya da ganye a hannu, kunkurun na biye, Umair na zaure yana amsa tambayoyinta ta bayan labule. Tela ne a Babbar Kasuwa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa kunkuru biyu, Dattijo da macen, dukansu sun girme shi. Duk shekara macen na yin ƙwai, ya reni 'ya'yan, masu so su saya.

"Wai ba ya sauri ne?"

"Shekararsa talatin da biyu a gidanmu, ban taɓa jin an ce ya yi ba."

Ta yi dariya har ganyen ya faɗi. Da suka kama ya ɗora shi a baro, nan ne ya fara kallon fuskarta sosai. Ya nemi lambar wayarta, wai ko da Dattijo zai sake shigowa. Ta san ba don Dattijo ba ne. Ta ba shi.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Maƙwabciya, Dattijo ya ce a ba ki haƙuri. Ya ce ramar hannunki ta fi tawa daɗi."

Ta mayar masa:

"Sarkin kunkuru, ka ce masa ni na haƙura. Baba ne bai haƙura ba. Tun la'asar yana tsaye a kan ramin."

Malam Gwadabe shi ya gina katangar nan da hannunsa, shekara ashirin da shida da suka wuce, da tubali da jar ƙasa. Unguwa duk ta koma bulo da siminti. Aikinsa ya ragu, sai gyaran tsofaffin soraye. Duk wanda ya ce masa ginin ƙasa ya wuce yayi, katangar yake nuna masa, bai ƙara ko kalma.

Ya zagaya ta lungu ya tsaya a ƙofar gidan su Umair.

"Rami a ƙarƙashin ginin ƙasa. Ka san mi ke nan?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. Cike shi."

Umair ya cike shi da duwatsu da ƙasa, ya daddaɓe. Ya ɗauka an gama. Kunkurun ya koma bayan tarin itace, inda ba a dubawa, ya fara wani.

Wata biyu bayan haka kawun Umair ya je neman izinin zance. Malam Gwadabe ya ce yaron na da ladabi, ya zo. Ya riƙa zuwa ranar Alhamis da Lahadi bayan la'asar. Ya ɗinka mata doguwar riga ba tare da ya auna ta ba, ta zauna daidai. Ta ce lallai idonsa bai da kunya, bakinsa ne kawai. Ya ce mata Maƙwabciya, ta ce masa Telana. In ta so ja, ta ce Sarkin kunkuru.

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da azahar katangar ta zauna. Rabinta ya zube cikin gidan Malam Gwadabe, ya fasa randa biyu, ya danne akurkin kaji. Allah ya tsare, ba kowa a wurin.

Mutane suka taru. Masu jaje na jaje. Wani daga baya ya ce, "Yau kuma katangar magini ce." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Malam Gwadabe ya ji. Ya ɗauki shebur ya tona gindin da kansa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya iske rami mai zurfin tsayin mutum, ruwa ya cika shi ya jiƙe tushen.

Ya kira Umair gaban jama'a ya nuna masa.

"Ba ginina ne ya gaza ba. Ku duba da kyau." Sannan ya juya ga yaron. "Kai kuma kada in sake ganin ƙafarka a zaurena."

Ba a ginin ƙasa da damina. Aka kafa zana tsakanin gidajen biyu. Ramla na jin tarin Umair ta bayan zanar, yana jin ƙarar tsintsiyarta, ba mai iya cewa uffan. Sai waya.

"Telana, yau ma Baba bai ci abincin rana ba. Ba ya zama a majalisa. Ya ce kallonsa ake yi."

"Laifina ne, Maƙwabciya. Ban duba bayan itacen ba. Me zan yi?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

A cikin wannan hali Ashraf ya fito. Ɗan mai gidan buga bulo ne a Ƙofar Sauri, yana da mota, yana da fara'a, kuma ba mugun yaro ba ne. Ya ga Ramla a wani biki, ya aiko, ƙanin Malam Gwadabe ya tsaya masa. Ran nan sai ga tifa ta sauke bulo a ƙofar gida. Ashraf ya durƙusa ya ce, "Baba, a gina ta zamani a huta. Kwana biyu an gama. Ba ruwa, ba kunkuru."

Malam Gwadabe ya dubi bulon, ya dubi yaron.

"Ka gode wa mahaifinka. Ka kwashe."

Aka kwashe. Amma bai hana shi zance ba. Ramla na fita don kada ta kunyata iyaye, ta zauna minti goma, ta ce kanta na ciwo.

Shi kuwa Umair ya daina cin abinci sosai. Mahaifiyarsa, Inna Sabuwa, ta zuba masa ido kwana da kwanaki. Wata safiya ta same shi tsugune yana shafa ƙoƙon Dattijo.

"Ubanka ya so dabbar nan," in ji ta. "Amma da ya ga ta kayar da katangar maƙwabci, da ranar zai fitar da ita. Kai kake ganin amana ce. Amanar maƙwabci fa?"

"Inna, tun ina rarrafe nake hawa bayansa."

"Yanzu ka daina rarrafe."

Ranar Asabar ya ɗauko a-kori-kura. Mutum uku suka ɗora kunkurun biyu. Ya kai su lambun kawunsa a Ajiwa, inda ba katangar kowa, su haƙa iya son ransu. Ya tsaya har Dattijo ya shige cikin ciyawa. Da ya dawo gida ya ga tsakar gidan ta yi masa faɗi. Ya rubuta:

"Na kai su. Bai ko waiwayo ba."

"Sannu, Telana. Na san abin da ka bari. Allah ya sa kada ka yi nadama a kaina."

"Nadama a'a. Gajiya dai."

Da ruwa ya ɗauke, Malam Gwadabe ya sa aka kawo jar ƙasa. Ranar da zai fara kwaɓi, ya iske Umair tsaye a wurin, ya naɗe ƙafar wando. Bai kira shi ba. Bai kore shi ba. Ya dai nuna masa tulin ƙasar da haɓa.

Kwaɓin ƙasa ba wasan tela ba ne. A zuba ruwa, a watsa ciyawa, a shiga da ƙafa a yi ta taka har ta yi danƙo. A bar ta ta kwana, a sake. Sannan a dunƙula tubali ɗaya-ɗaya da hannu, a jera a rana. Umair na yi daga asuba zuwa hantsi, ya wuce kasuwa ya hau keken ɗinki. Dugadugansa suka tsage. Yatsunsa suka kumbura har zare ya gagare shi zurawa a allura. Masu ɗinki biyu suka karɓe yadinsu suka kai wani wuri.

Kwana goma sha ɗaya Malam Gwadabe bai ce masa komai ba. Rana ta goma sha biyu ya ɗauki tubali guda, ya juya shi, ya jefar.

"Wanga ba tubali ba ne, ƙosai ne. Sake."

Umair ya ji daɗin maganar kamar an yabe shi. Ya gaya wa Ramla. Ta rubuta:

"Ka ci gaba, Telana. Ni shekara ashirin da biyu ina 'yarsa, ban sami fiye da haka ba."

Mako biyar aka yi. Katanga ta tashi, aka yi mata yaɓe, aka cire zana. Malam Gwadabe ya wanke hannu, ya zauna a kan turmi, ya kira shi.

"Katanga ka biya. Ɗiya kuwa magana ce daban. An ce mini har yanzu kana zancen kiwo."

Da Umair ya so, da ya ce ya bari. Bai ce ba.

"Gaskiya ne, Baba. Ba zan iya zama a gidan da ba kunkuru ba. Abin da na tashi na iske ke nan, shi na iya bayan ɗinki. Amma akwai ƙaramin iri. Girmansa duka bai wuce ƙwaryar sha ba. Ba ya haƙa rami. Iyakarsa ya kutsa cikin busasshen ganye ya kwanta."

"Kowane kunkuru na haƙa."

"Ban da wannan, Baba."

"Ɗiyata ba ta kwana jikin katangar da ake ci ta ƙasa."

Ya sallami Umair. Sannan ya tashi, ya ɗebi ragowar tubali, ya kewaye wani lungu a cikin gidansa da ɗan gini iya gwiwa. Ya aika wa Umair cewa ya kawo mace da namiji a zuba a ciki. Kwana arba'in. In ba su taɓa tushen ba, a turo magabata neman aure. In sun taɓa, magana ta ƙare.

Sai dai ƙaramin irin ba a samunsa da rani. Ɓuya yake yi a daji, ba ci ba motsi, sai ruwan farko ya sauka manoma su riƙa tsintarsa a bakin gona. Umair ya je wajen Yari, wani tsoho mai sayar da tsuntsaye da bushiya, wanda suka saba tun zamanin mahaifinsa. Yari ya ce, "Sai an yi ruwa, ɗana. Duk wanda ya ba ka yanzu, duba shi sau biyu."

Lokacin ana Disamba. Ruwa sai Mayu ko Yuni.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ɗan ginin na nan wayam. Kullum Ramla ta share shi, kullum ta gan shi. Ashraf bai fasa zuwa ba. Ƙanin babanta ya ce wane irin aure ne ake jira sai kunkuru ya farka daga barci. 'Yan uwa mata suka mai da abin abin dariya, in sun gan ta su ce, "Amarya, ya labarin hadari?" Mahaifiyarta kuwa ta daina sayen kayan ɗaki.

"Telana, ka duba wani wuri mana. Kano fa? Zariya fa?"

"Na tambaya. Babu. Ki ƙara haƙuri, Maƙwabciya."

"Haƙuri, haƙuri. Ka zauna da su har ka koyi tafiyarsu."

Bai amsa wannan ba. Ita ma ba ta sake rubutawa ba sai bayan kwana uku.

A watan Maris ta shiga kasuwa sayen zare, ta ga wani mutum a gefen hanya da kwali. A ciki kunkuru ne ƙanana, kowanne bai fi tafin hannu ba, masu kyau, launin ƙasa-ƙasa.

"Malam, ƙananan iri ne?"

"Hajiya, ba ga su kina gani ba? Ai ƙananan ke nan."

"Ba sa girma?"

"Ina za su je? Mace da namiji kike so? Ga su."

Ta saya. Ta san in ta nuna wa Umair zai ce a dakata, a duba, a tambayi Yari. Ta gaji da dakatawa. Ta kai wa mahaifinta ta ce Umair ne ya aiko. Malam Gwadabe ya zuba su a ginin, ya ja layi ɗaya a bango da gawayi, alamar rana ta farko.

Ba ta gaya wa Umair ba. Ta ce a ranta sai kwana arba'in sun cika ta ba shi albishir.

Ran kwana goma sha bakwai Malam Gwadabe ya leƙa da safe ya ga kunkuru ɗaya. Ya tsuguna. A kusurwa akwai rami, hannunsa ya shige har gwiwar hannu, ya bi ta ƙarƙashin tubalin. Can ciki ya zaro ɗayan.

Ya sa su a kwano ya aika a kira Umair. Ramla na bayan labulen zaure.

Umair ya durƙusa ya gaishe shi. Aka tura masa kwanon. Kallo ɗaya ya yi musu. Ya ɗaga guda ya ga ɗigon jan fenti a gefen ƙoƙon. Shi yake sa wannan alamar a kan duk ɗan da aka ƙyanƙyashe a gidansu. 'Ya'yan Dattijo ne na bara, da ya sayar wa wani ɗan kasuwa.

"Kai ka aiko da su?"

Umair ya ga labule ya motsa. Ya ga yatsun ƙafarta a ƙasa. Ya gane.

"Ni ne, Baba."

"Ƙananan iri ne?"

"A'a. 'Ya'yan manyan ne. Na wanda ya kayar da katangar."

"Ka sani ka aiko?"

Umair ya ce, "Na sani."

"Mako biyar muna cikin ƙasa ɗaya da kai," in ji Malam Gwadabe. Muryarsa ba ta tashi ba. "Na ɗauka na san ka. Tashi."

Ya tashi ya ɗauki kwanon ya fita.

Ramla ta rubuta masa saƙo bakwai a ranar. Na ƙarshe ya ce:

"Umair, don girman Allah ka yi magana. Ko zagi ne."

Sai washegari ya amsa.

"Ba zan zage ki ba. Da kin nuna mini, da minti ɗaya ya isa. Na bar Dattijo, na bar fatar ƙafata a gidanku, saura wata biyu kawai. Na gaji, Ramla. Ki bar ni in huta."

Bai taɓa kiranta da sunanta a saƙo ba. Ta karanta ta ɗauka sallama ce. Shi kuwa da ya ce hutu, hutun yake nufi. Ta kashe wayar. Da ya kira bayan kwana biyu ya ji a kashe, ya ɗauka ta zaɓi mai mota.

Ashraf ya zo ranar Lahadi. Wannan karon ba ta ce kanta na ciwo ba.

"Ashraf, ka yi mini alheri, ban da abin da zan ce da kai sai godiya. Amma ko wancan ya fasa, zuciyata ba ta wurinka. Kada in ɓata maka lokaci."

Ya ce, "Kunkuru ya riga mota ke nan." Ya yi mata fatan alheri ya tafi. Bai sake dawowa ba.

Daga zauren ta wuce wajen mahaifinta. Yana zaune a kan buzu yana gyara mariƙin cokalin gini. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ni na sayo su. Bai san da su ba sai a zaure. Na yi maka ƙarya, shi kuma ya rufa mini."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da abin da yake yi har ta ɗauka bai ji ba.

"Mi ya sa?"

"Na gaji da jira."

"Ni na jira damina ta wuce kafin in tada katangata, ana yi mini dariya. Ke wa ya fi ki gaggawa?"

Ta yi ta kuka. Bai rarrashe ta ba. Bai kuma ce ga abin da zai yi ba. Washegari ya cike ramin da ke cikin ɗan ginin, ya goge layukan gawayi, ya bar wurin yadda yake.

Afrilu ya wuce da zafinsa. Ba zance, ba saƙo. Ramla ta rame. Umair na kan keke daga safe har magariba, ba ya hira da kowa.

A ƙarshen Mayu aka yi ruwan farko, aka sake na biyu. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, inuwa ta tsaya a ƙofar shagon Umair. Ya ɗaga kai ya ga Malam Gwadabe da babbar riga.

"Rufe shagon. Kai ni wajen mutumin naka."

Suka tafi. A hanya tsohon ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ta faɗa mini. Ƙarya ka yi, kuma ban son ƙarya, ko ta rufin asiri ce. Kada ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

"Ita ma ta ji nata."

Yari ya tarbe su da gaisuwa mai tsawo, ya jawo kwanduna biyu. Ɗaya 'ya'yan manya ne, ɗaya ƙananan irin da manoma suka kawo shekaranjiya. A ido kusan girmansu ɗaya. Umair ya buɗe baki zai yi bayani, Malam Gwadabe ya ɗaga masa hannu.

"Yi shiru. Ni za a kwana jikin katangata, ni zan duba."

Ya ɗauki ɗaya daga kwandon farko. Bai kalli ƙoƙon ba. Ƙafar gaba ya kama, ya murza ta da babban yatsa. Faffaɗa ce, da ɓawo mai kauri jere kamar haƙoran manjagara.

"Wanga lebura ne. Ga shebur ɗinsa nan."

Ya ajiye. Ya ɗauki ɗaya daga kwando na biyu. Ƙafar siririya ce, ba kauri. Da ya taɓa shi ta baya, sai ƙoƙon ya lanƙwaso ya rufe ƙafafun kamar murfin akwati. Tsohon ya ɗan ja kai baya, ya sake taɓawa.

"Wanga kuwa tela ne. Ko an ba shi ƙasa bai iya komi da ita."

Yari ya tuntsire da dariya. Umair ya danne tasa.

Malam Gwadabe ya bi kwandon ɗaya bayan ɗaya, ya ware biyu da ƙafafunsu suka fi siranta. Ya ce waɗannan. Umair ya karɓa ya kifa su a tafin hannu, ya duba ya sake dubawa.

"Mi ne ne?"

"Baba, duka biyun maza ne."

"Ta ina ka sani?"

Ya nuna masa. Cikin namiji a lotse yake, wutsiyarsa doguwa. Ta mace gajera ce, cikinta a shafe.

Tsohon ya duba, ya sake dubawa, ya yi gyaran murya. "To. Kowa da aikinsa. Canza ɗaya."

Aka zuba su a ɗan ginin. Umair ya aiko da busasshen ganyen mangwaro da kasko na ruwa, ya ce a riƙa yayyafa wa wurin ruwa, a ba su gwanda da tana da dodon koɗi. Ramla ce mai ba su. A daren farko ba ta rubuta komai ba, sai da safe ta kunna wayar.

"Telana, sun ci. Macen ta fi ci. Ka yafe mini?"

"Tun a zaure na yafe, Maƙwabciya. Fushin ne ya yi tafiyar kunkuru. Wa ya ce ki kashe waya wata biyu?"

"Kai ka ce in bar ka ka huta."

"Kwana biyu nake nufi."

Malam Gwadabe bai rage ko kwana ɗaya daga arba'in ɗin ba. Kullum bayan sallar asuba ya tsuguna ya bi gindin ginin da tafin hannu, kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya ja layi. Ran kwana talatin da ɗaya ya ga ƙasa ta ɗan tashi a tsakiya. Ramla na tsaye a gefe. Ya sa yatsa ya tona. Ɗan gurbi ne, bai kai zurfin yatsa ba, nesa da bango. A ciki ƙwai uku ne farare.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya mayar da ƙasar a hankali yadda ya same ta.

"Wanga ba rami ba ne," ya ce. "Kada kowa ya taka nan."

Ran da layi ya cika arba'in ya aika wa kawun Umair cewa su turo.

An ɗaura auren ranar Asabar bayan azahar, a ƙofar gidan Malam Gwadabe. Jama'a sun cika lungun har suna jingina da sabuwar katanga. Ba a yi almubazzaranci ba. Ango da kansa ya ɗinka kayan amarya, wannan karon da awo.

Da za a kai ta, aka shigar da su biyun gaban tsohon. Suka durƙusa. Inna Sabuwa da mahaifiyar Ramla na gefe suna share ido. Ana jira ya yi dogon wa'azi. Ya dube su, duk sun rame, duk sun gaji, kamar waɗanda suka dawo daga doguwar tafiya.

"Kai, ka riƙa duba bayan itace. Ke, in abu ya dame ki, ki nuna mishi kafin ki yanke. Na ba ka ita. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari, shi sa ku huta."

Aka ce amin. Aka fita da amarya ta ƙofa, aka zagaya lungu da ita ana guɗa, aka shigar da ita gidan da ke bayan nasu.